Yadda Na Ga Turawa Sun Sauke Firayim Ministansu

Tun da na dawo daga Ingila bakina bai huta ba. A ofis a tambaye ni, a ƙofar masallaci a tambaye ni, har mai sayar mini da kifi a kasuwar Haɗeja ya ƙi naɗe mini sai na gaya masa ko da gaske ne rana ba ta fitowa a can. Shi ya sa na ga gara in rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Sunana Sale, malamin gona ne ni. Bayan farin da ya bar fadamarmu a tsattsage, gwamnati ta zaɓi mutum biyu daga ƙasar Haɗeja su je kwas na wata uku kan noman rani da sarrafa ruwa. Aka zaɓe ni, aka zaɓi Malam Istifanus, mutumin Fankshin, wanda ya daɗe yana aiki tare da mu har Hausarsa ta koma irin tamu ta gabas.

Mun tashi da sassafe a motar ofis. Muna isa Jahun taya ta fashe, aka sauko da safaya aka tarar ita ma babu iska. Muka zauna gindin wata tsamiya muna jiran mai faci. Wani tsoho da ke saƙar igiya a wurin ya tambaye mu ina muka nufa da manyan akwatuna haka. Da muka gaya masa, sai ya ce, "To in kun je ku tambaye su, da suka tashi tafiya me ya sa suka haɗa har da ruwan sama?" Muka yi masa alkawari za mu tambaya.

A Kano muka kwana, washegari muka shiga jirgi. Ban ci komai a ciki ba don ban san irin naman da aka kawo ba. Malam Istifanus ya cinye nasa ya cinye nawa, ya ce taimakona yake yi kada a ce ’yan Nijeriya na da almubazzaranci.

A filin jirgin Landan aka buɗe akwatina. Uwargidana Hajara ta cusa mini bandar kifi, da kuka, da yaji, da daddawa a cikin gwangwani. Ma’aikacin kwastan, wani dogo mai jan gashi, ya buɗe gwangwanin daddawar ya kai hanci. Sai ya ja da baya, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya sunsuna ya ja da baya. Cikin ladabi ya tambaye ni, "Yallaɓai, wannan magani ne, ko wani abu ne ya mutu a ciki?" Na ce kayan miya ne. Ya rufe ya mayar mini da sauri. Kifin kuwa ya ce doka ta hana, ya ba ni haƙuri har sau uku, ya jefa shi a kwandon shara a gabana. Na yi tsammanin zai ajiye a gefe ya kai wa iyalinsa. Da ya yi haka ma da ban ji zafi sosai ba, don ganin kifin Haɗeja a shara ba ƙaramin abu ba ne. Amma na yaba, mutumin bai taɓa ko ƙaya ɗaya ba.

Kwalejin da aka tura mu tana wani gari a arewacin ƙasar, inda ake haƙar gawayin kwal. Muka daɗe a tasha, don direbobin jirgin ƙasa suna jan ƙafa a kan maganar albashi. Mutane sun yi dogon layi cikin sanyin da ke shiga har ƙashi, ba mai ture wani, ba mai cewa shi ɗan wane ne. A cikin jirgin na tsinci jarida a kan kujera. A shafin farko an zana firayim ministan ƙasar da ƙaton hanci, yana cikin kwalekwalen da ke nitsewa, yana ta washe haƙora. Na yi maza na kifa ta, na tura ƙarƙashin kujera. Malam Istifanus ya raɗa mini, "Ka yi daidai, Malam Sale. Kada a ce mu muka zo da ita." Da muka ɗaga kai sai muka ga rabin mutanen tarago ita suke karantawa, har da wani ɗan sanda.

Kwalejin ta sauke mu a gidan wata gwauruwa mai kimanin shekara sittin, sunanta Misis Hilda. Gidajen unguwar a manne suke da juna, duk kamarsu ɗaya, sau biyu ina ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta. Ranar da muka isa na tarar da wata jakar roba cike da ruwan zafi a cikin shimfiɗata. Na ce lalle matar nan ta san darajar baƙo, har ruwan alwala ta tanadar mini. Kwana huɗu ina juye ruwan ina alwala da shi, ina kwana ina rawar ɗari, kafin ta gane ta bayyana mini cewa a ƙafa ake sa shi don ɗumi. Ta yi dariya har da hawaye, amma daga ranar roba biyu take ajiye mini, ɗaya ta ƙafa ɗaya ta salla.

Abincinsu dai sai haƙuri. Dankali dafaffe, kabeji dafaffe, nama dafaffe, ba barkono ba komai, kamar an dafa wa marar lafiya. Da ta ji ba na cin alade, ta sayo sabuwar tukunya da sabon kasko, ta ɗaura musu jan zare a hannu, ba ta yarda kowa ya taɓa su. Ranar da na kaɗa miyar kuka da daddawa kuwa, sai da ta buɗe tagogi duka cikin wannan sanyi. Ta ɗanɗana, ta ce daɗinta ya fi warinta. Ran Juma’a ana sayo soyayyen kifi da dankali a naɗe cikin tsohuwar jarida, sau da yawa fuskar firayim minista ce ke shan man.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne duhu. Mun baro aci-balbal a gida, mun zo ƙasar da ta kawo mana lantarki, sai ga mu muna cin abincin yamma da kyandir. Misis Hilda ta bayyana mana dalili. Kaya sun yi tsada, man fetur ya tashi. Firayim minista ya ce maganin tsadar shi ne a sa wa ƙarin albashi iyaka, kowa ya daure. Masu haƙar kwal suka ce ba za su daure ba, suka rage aiki, daga baya suka ajiye shi gaba ɗaya. Da kwal ake yin wutar lantarki, don haka aka koma raba wuta unguwa-unguwa, masana’antu kuma aka ce su yi aiki kwana uku kacal a mako. Da abin ya ƙi ci, sai firayim ministan ya ce a yi zaɓe, jama’a su faɗi wanda ke da gaskiya, shi ko masu haƙar kwal.

Ba a wata magana a garin sai wannan. A bas, a shagon aski, a layin burodi, kowa da nasa lissafin, kowa kuma da murya sama yake faɗa.

Kowace Lahadi mutum biyu ke zuwa cin abincin rana a gidanmu. Akwai Jak, ƙanen Misis Hilda, wanda ya shekara talatin a ramin kwal, idan ya yi tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Akwai kuma Albat, mijin ’yarta, mai kantin kayan masarufi. Ba a gama zuba abinci suke farawa.

Albat ya ce, "Kawu, in an ƙara muku, gobe masu jirgin ƙasa su zo, jibi malaman makaranta. Ina gwamnati za ta samo? Ta buga sababbin takardu, ni kuma in wayi gari in canza farashin kowane gwangwani a kantina. Ƙarin da aka yi muku ya narke kafin bazara. Firayim ministan nan gaskiya yake faɗa, ba ku son ji ne."

Jak ya ajiye cokali. "Gaskiya? Ya taɓa shiga rami? Ya zo ya yi kwana ɗaya a durƙushe cikin ruwa, ƙasa na tsattsagewa a bisa kansa, sannan ya gaya mini in daure. Da mai ya yi tsada ai bai ce wa masu mai su daure ba, biya ya yi. Mu da muke ’yan gida mu ne za a yi wa iyaka?"

"To ku ne za ku mulki ƙasar, ko wanda aka zaɓa?"

"Wanda bai iya kunna wa ƙasa fitila ba, ya tattara ya ba wani wuri."

Haka suke yi, fuska ta yi ja, har a bugi tebur. Karon farko na tashi na rufe taga don kada a ji daga waje. Amma da aka tashi tafiya sai na ga Albat ya buɗe bayan motarsa ya ɗauko kwali cike da gari da sukari da madara ya sa wa Jak a hannu, don ya san babu albashi a gidan. Jak ya karɓa ya ce, "Wannan ba zai sa in zaɓi mutuminka ba." Albat ya ce, "Na sani. Shiga in kai ka gida."

Wata Lahadi Jak ya juyo kaina. "Kai Sale, ku da fetur ya yi wa arziki yanzu, yaya kuke yi da naku firayim ministan in ya gaza?"

Malam Istifanus ne ya amsa, a hankali. "Mun taɓa yin guda ɗaya. Wata safiya muka kunna rediyo muka ji kiɗan soja. Bayan kwanaki aka tsinci gawarsa. Daga nan aka yi ta kashe-kashe har aka kai ga yaƙi. Yayana yana cikin waɗanda ba su dawo ba."

Misis Hilda ta tashi ta ɗora shayi. Ranar ba a ƙarasa musun ba.

Ana saura kwanaki zaɓe wani minista ya zo yin jawabi a zauren makarantar unguwa, Jak ya ja mu muka je. Mutumin ya iya magana, ya yi ta bayanin yadda ƙasa za ta farfaɗo in an ƙara haƙuri. Yana tsaka da jawabi sai wata tsohuwa ’yar ƙanƙanuwa ta miƙe, ta zaro burodi daga jakarta ta ɗaga sama. Ta ce, "Ɗana, tun da ka san maganin tsada, gaya mini nawa na sayi wannan yau da safe?" Ministan ya yi murmushi, ya fara kewaye-kewaye. Ta ce, "Ba labari na tambaye ka ba. Nawa?" Ya faɗi wani abu, zaure ya kwashe da dariya, ashe farashin bara ya faɗa.

Sai na ga ɗan sanda ya baro bakin ƙofa ya nufo ta. Na kama hannun Malam Istifanus. Ɗan sandan ya iso, ya sunkuya, ya ɗauko lemarta da ta faɗi ƙasa, ya miƙa mata, ya koma wurinsa. Ministan kuwa ya ce, "Uwa, kin kama ni, ban sani ba, kuma ya kamata in sani." Aka tafa masa, aka tafa mata. Da aka tashi ta bi layin bas kamar kowa.

Kada a ce komai nasu na yaba. Mutum ya wuce ka da safe kamar ya wuce itace. Maƙwabcinmu wani tsoho ne shi kaɗai a gida, ’ya’yansa sai shekara-shekara, da kare yake hira. A bas ma an taɓa tashi daga kusa da ni don launin fatata. Amma ko a kwaleji na ga irin halin nan na zauren makaranta. Malaminmu ya ce ruwan da ke malala a fadama asara ne, gara a tare shi a madatsa. Na yi ta maza na ɗaga hannu, na ce a wurinmu wannan malalar ita ce shinkafa, ita ce kifi, ita ce ciyawar da shanu ke ci da rani. Na zauna ina jiran ya ci mini fuska. Sai ya miƙo mini alli ya ce in zo in zana musu kogin, shi kuma ya zauna a kujerata yana rubutawa.

Aka yi zaɓe lafiya, amma sakamakon ya zo a cakuɗe. Jam’iyyar firayim minista ta rasa rinjaye, abokan hamayya sun ɗara ta da kaɗan, su ma ba su samu cikakken rinjaye ba. Firayim ministan bai sauka ba. Ya zauna a gidan gwamnati yana neman wata ƙaramar jam’iyya ta mara masa baya. Kwana ɗaya, kwana biyu. Jaridu suka yi ca a kansa, wasu na cewa yana da hurumin gwadawa, wasu na cewa ya liƙe wa kujera. Jak ya rantse in bai sauka ba ko cokali ɗaya na kwal ba zai fito ba.

Ran Lahadi da la’asar muna dawowa daga yawo sai ga manyan motocin soja guda uku sun wuce mu a kan titi. Ni da Malam Istifanus muka dubi juna. Muna isa gida na rubuta wa Hajara wasiƙa, na gaya mata inda takardun gida suke, da wanda za ta nema in ta ji shiru. Shi kuma ya sayo burodi da kifin gwangwani ya cusa a jaka. Da safe Misis Hilda ta sauko ta tarar da mu a zaune a falo, akwatuna a ɗaure, fasfo a aljihu, mun sa rediyo a gaba muna jiran kiɗa.

Ta ce, "’Ya’yana, lafiya? Wani abu na yi muku?"

Na ce, "Mama, shugaba ya ƙi sauka, kuma jiya mun ga soja."

Ta fara dariya, sai ta dubi fuskar Malam Istifanus ta daina. Ta jawo kujera ta zauna a gabanmu. "Barikinsu na bayan gari, kullum suna wucewa. Me ya haɗa soja da wannan? In ya samu masu mara masa baya ya zauna, in bai samu ba ya tafi. Ku kwance kayan nan ku sha shayi, za ku makara."

Muka je kwaleji, amma ban ji ko kalma ɗaya daga abin da aka koyar ba. Da yamma aka kawo wuta, muka zauna gaban talabijin, Jak ma ya zo. Aka nuna ƙofar gidan gwamnati, ɗan sanda ɗaya tak a tsaye. Aka ce ƙaramar jam’iyyar ta ƙi, firayim minista ya je ya miƙa takardar ajiye aiki. Sai ga shi a bayan mota, fuskarsa duk ta faɗa, ya ɗaga wa mutane hannu, wasu na tafi wasu na yi masa ihu. Ba a jima ba wanda ya kayar da shi ya iso, ya tsaya a bakin wannan ƙofa ya ce akwai aiki a gaba, ya shige. Shi ke nan. Aka koma labarin ƙwallo.

Misis Hilda, wadda ba wanda ya sauka ta zaɓa ba, ta share ido da gefen rigarta ta ce, "Allah sarki, ya yi iya yinsa." Na zaci Jak zai yi rawa, sai ya yi tari ya ce, "Wannan sabon ma ido za mu sa masa." Malam Istifanus ya tashi ya shiga ɗaki, ya daɗe bai fito ba. Cikin ’yan kwanaki aka daidaita da masu haƙar kwal, wuta ta dawo. Albat ya ci gaba da cewa za a ga tsada, kuma kafin mu taho na ga alamar bai yi ƙarya ba.

Kwana biyu da dawowata na tafi ƙauyenmu gaida mahaifina. Na same shi a bakin kogi tare da Bulama, mai garinmu, suna gyaran taru. Kogin ya ja baya ƙwarai, inda muke iyo muna yara ya zama rairayi. Na ba su labarin nan tun daga farko. Da na kai ƙarshe Baba ya ce, "To ina suka kai shi?"

"Gida, Baba."

"Gidan yari?"

"A’a, gidansa. Yana nan ma a majalisa, ya koma ɗaya ɓangaren yana musu."

Bulama ya ce, "Ita tsohuwar mai burodi fa?"

"Ita ma gida ta tafi, ranka ya daɗe."

Baba ya ci gaba da ɗaurin tarunsa. Can ya gaya mini cewa bana ruwa bai hau gonakin shinkafa ba, kuma an ce wani gini ake yi can sama da zai tare kogin. Wani babban jami’i zai zo daga Kano ran Talata ya yi wa mutane bayani. Yadda aka saba, baƙo ya yi jawabi, Bulama ya yi godiya, a yi addu’a a watse.

Baba ya ce, "Kai ma’aikacinsu ne. In na miƙe na yi tambaya, za su taɓa maka aiki?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba."

Ya ce, "Ni ma ban sani ba."

Ran Talata jami’in ya zo da ’yan sanda biyu, ya yi jawabi mai tsawo kan arzikin da ke tafe. Bulama na shirin yin godiya sai Baba ya dafa sanda ya miƙe. Na bar layin ma’aikata na je na tsaya kusa da shi. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara da shekaru in an yi maganar gwamnati sai mu ce ina ruwanmu. To yau ma ita zan faɗa, amma tambaya ce, kuma ina son amsa. Ina ruwanmu?"

Jami’in ya dubi Baba, ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya zaro alƙalami ya fara rubutu. Bai gama ba wani masunci ya miƙe. Bayansa wani Bafulatani ya miƙe da maganar mashayar shanu.

Har yau da nake wannan rubutu ruwan bai dawo ba, kuma ban san abin da aka rubuta a kaina ba. Amma a ranar mutum tara suka miƙe bayan Baba, kuma kowannensu a ɗakinsa ya kwana.